Shekarar da Na Koyi Harbi da Hagu

Wannan babi saboda yayanku Kabiru na rubuta shi, don na gaji da jin yadda yake ba da labarin nan duk ranar Sallah idan ya ci ya ƙoshi ya jingina da kujera. A bakinsa, wai Baba ya je koyon bindiga, ya harbi kwalin mutane, wata Baturiya ta daka masa tsawa, daga ƙarshe aka ba shi takarda don tausayin furfurarsa. Kwalin mutane na harba, wannan gaskiya ne, kuma zan zo kansa. Tsawa ma an yi mini ita, har da saura. Amma maganar tausayi ƙarya ce tsagwaronta, kuma tunda Allah ya bar ni da biro da sauran numfashi, zan faɗi yadda aka yi. Ku yi haƙuri da rubutun. Aji huɗu na firamare ne iyakata, sauran ilimin duk a kasuwa na tsince shi, kuma ba a ba da satifiket a can.

Kun san kantina na titin Gate City Boulevard, a nan ƙasar Turawa, wanda ke tsakanin mai sayar da tsofaffin motoci da mai gyaran waya. Abin da ba ku sani ba shi ne irin kwalayen da bayan nan nawa ya ɗauka a sito-siton titin Wendover kafin in buɗe shi. Ina sayar da daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa da manja da doya da yaji, amma in kun tambaye ni, babban kayan kantin shi ne bencin da ke gefen firji. A kansa direbobin tasi suke hutawa, da masu aikin sito, da ɗaliban jami'a masu neman digiri na uku waɗanda ba su da ko kujera a ɗakinsu, da mutanen Nijar masu cusa Faransanci a tsakiyar magana. Duk wanda ya sauka garin nan daga gida, kafin ya gane hanyar masallaci ya gane hanyar kantina. A kan bencin nan aka sasanta aure, aka samar wa mutane aiki, aka tsige gwamnatoci da yawa da baki. Ni ne sarkin benci, ba a taɓa yi mini juyin mulki ba, sai a shekarar da nake ba ku labari aka yi yunƙuri, kuma daga cikin gidana.

Abin da ya jawo shi ne, wata rana da azahar, rana tsaka, benci ba kowa, wani mutum ya shigo da hular sanyi a ka alhali ana zafi. Na miƙe na yi masa barka da zuwa, shi kuma ya amsa mini da bakin bindiga. Ban san lokacin da na kwanta tsakanin buhunan shinkafa ba, kuma ina shaida muku ƙasan kantina na da sanyi. Ya kwashe abin da ke cikin akwatin ciniki, ya ɗauki ƙunshin kilishi a hanyar fita, ya tafi. Ba abin da ya taɓa ni. Kilishin ne ma ya fi ba ni haushi, don ya nuna ɓarawon ya san abu mai kyau.

A ƙarshen makon aka kira ni taro a gidan Kabiru da ke unguwar Sedgefield. Na ce aka kira ni, don haka aka yi: ɗan da na goya a wuya ya sa mini lokaci. Na tarar da mahaifiyarku, Hajiya Laraba, ta riga ta zauna a ɓangarensa da kofin shayi a hannu.

"Baba, maganar kantin nan ta ƙare," in ji Kabiru. "Ga ɗaki nan a ƙasa, da banɗakinsa, ba hawa bene. Tagar tana kallon filin golf."

"In zauna ina kallon tsofaffin Turawa suna bin ƙwallo kamar ƙwan zabo?"

"Ka huta, Baba. Ka yi aiki ya isa."

"Dokta, hutun dole a asibitinku ake yin sa. Ni bindiga zan saya."

Hajiya ta ajiye kofi a hankali. "Kai, Alhaji? Kai da ragon layya ma sai ka kira Malam Isuhu ya yanka maka?"

"Wannan girmama malamai ne, Hajiya. Ba kowa ke da shi ba."

Kabiru ya yi ta latsa waya, sannan ya ɗago da wani murmushi da ban yarda da shi ba. Ya ce akwai wani kwas a wajen gari, na kwanaki, ba irin na yini guda da ake yi don neman lasin ba. Ana koyar da kare kai da ƙaramar bindiga, a ƙarshe a yi jarrabawa, kuma suna kayar da mutane ba kunya.

"In ka ci, ka riƙe kantinka, ba zan ƙara cewa komai ba. In ka faɗi, ka ba ni makulli. Mama ce shaida."

"Na yarda," na ce, tun bai rufe baki ba.

Daga baya na ji ashe tun a makon ya sayi labulen ɗakin.

Ku yarda da ni, rabona da irin ɗokin da na ji a safiyar farko ta kwas ɗin tun ranar da na fara hawa jirgin sama. Na sa farar shaddata, na kafa hula, na fesa turare, don ni a sanina mutum ba ya zuwa makaranta a wulaƙance. Filin harbin yana bayan gari, cikin itatuwa, da tudun jar ƙasa a ƙarshensa inda harsashi ke nutsewa. Malamar tamu wata Baturiya ce, Madam Karol, gajeriya, tsohuwar 'yar sanda, muryarta kamar ana buga ganga a cikin rijiya. Ta dube ni daga hula har takalmi, ta ce rigata ta yi kyau ƙwarai, amma kafin in tattaro ta in kai hannu ga kuben bindiga, ɓarawon ya isa gida ya ci abinci ya wanke hannu. Aka tura ni mota in canja. Ashe Kabiru ya riga ya ajiye mini wandon jins da 'yar riga a but ɗin motar, wato shi ya san za a yi haka ya yi shiru. Na fito da riga a cushe cikin wando, tumbina a gaba kamar ana kai shi kasuwa. Na gode Allah da mutanen benci ba su gan ni ba.

'Yan ajinmu ba su da yawa. Akwai wata nas, akwai direban babbar mota mai gemu har ƙirji, sai kuma maƙwabciyata a layi, wata tsohuwa mai farin gashi da na sa wa suna Kaka Suzan, wadda ta girme ni amma hannunta ko rawa ba ya yi. Safiyar duk a kan dokoki ta ƙare. Kowace bindiga ka ɗauka akwai harsashi a cikinta ko da kai ka cire da hannunka. Ba ka nuna bakinta ga abin da ba ka son hallakawa. Yatsanka ba ya kusantar kunamar bindiga sai ka yanke shawarar harbi. Madam Karol ta sa muka yi ta maimaitawa da ƙarfi kamar 'yan makarantar allo, kuma a nan ni na yi na ɗaya, don hadda ba baƙuwata ba ce. Ta kuma faɗi wata magana da ta ba ni mamaki daga bakin mai koyar da harbi, wai faɗan da ya fi kowanne kyau shi ne wanda ka kauce masa bindigarka na cikin kube.

Bayan azahar aka sa mana abin toshe kunne da tabarau, aka jera mu, kowa da kwalinsa mai siffar mutum a gabansa. Na riƙe bindigar da hannun dama, na tallafa da hagu yadda aka nuna, na yi bisimilla, na ja. 'Ya'yana, ban san yadda zan kwatanta muku ba. Abin ya haure ni a tafin hannu kamar ɗan jaki, ƙarar ta shiga ta ƙirjina ta fita ta ƙeya, ƙamshin albarushi ya cika mini hanci, sai na ji shekaru talatin sun zube daga kafaɗata. Dariya ta kama ni. Na fara juyowa in ce wa jama'a ko sun gani, bindiga a hannu, bakinta na bin juyawata.

"Mista Garba! Gaba! Bakinta gaba!"

Wannan ita ce tsawar da Kabiru yake faɗa. Tsuntsayen dajin nan duk sun tashi. Kuma ta yi daidai, ban taɓa cewa ba ta yi daidai ba. Ta ce in na sake, ko gaisuwar bankwana ba za mu yi ba. Ban sake ba.

Matsalar da ta fi wannan ita ce, harsashina ba ya zuwa inda na aike shi. In auna ƙirjin kwali, ya tafi gefe. In gyara, ya ƙara tafiya gefe, kamar akuyar da ta hango gonar maƙwabci. Da aka ba da izinin zuwa duba kwalaye, na tarar da nawa lafiya lau, ko ƙwarzane babu sai a kafaɗa, irin ɓarawon da zai koma gida ya sha fanado ya kwanta. Kaka Suzan kuwa ta tsaya gaban nata tana kallon ramukan da suka fi abin da ta harba.

"Na gode da gudummawa, maƙwabci," ta ce, "amma ka riƙe kayanka, za su yi maka amfani."

Da na koma gida Hajiya ta tambaye ni yaya makaranta. Na ce malama ta ce ba ta taɓa ganin ɗalibi irina ba, kuma wannan ba ƙarya na yi ba.

Washegari abin bai canja ba. Madam Karol ta tsaya a bayana tana kallo, ta gyara mini tsayuwa, ta gyara mini riƙo, duk a banza. Can sai ta ce in ajiye bindiga a tebur. Ta sa na haɗa tafukana na bar 'yar ƙofa a tsakiya, in leƙa wani itace ta ciki, in rufe ido ɗaya bayan ɗaya. Da na rufe na hagu, itacen ya gudu. Ta juya kamar za ta tafi, sai kawai ta wurgo mini makullin motarta ba gargaɗi. Kafin in yi tunani na cafe shi a sama.

"Dubi hannun da ya kama," ta ce.

Na duba. Na hagu ne.

"Kai bahago ne, Mista Garba. Idonka na hagu ne shugaba, hannunka ma haka. Me ya sa kake wahalar da kanka?"

Na miƙe tsaye sosai, na gyara wuyan 'yar rigata, na ce mata da duk Turancin da nake da shi: "Madam, ni ɗan mutunci ne. An yi mini tarbiyya."

Ba ta gane ba, kuma na san ku ma jikokina da aka haifa a nan ba za ku gane ba sai na yi bayani. A wurinmu hannun hagu yana da aikinsa, kuma a banɗaki yake yin sa. Ba a ci da shi, ba a miƙa wa babba abu da shi, ba a karɓa da shi. Ni kuwa da shi aka haife ni ina kai wa nono cafka. Innata, Allah ya jiƙanta, ba ta yi wasa da lamarin ba. In za a ci tuwo sai ta ɗaure mini shi a baya da ɗankwalinta, in ta ga ya kuɓuce ya nufi kwano, muciya na kusa. Malamin allo ya ɗora daga inda ta tsaya. Kafin in yi wayo na koma na dama a ci da rubutu da gaisuwa, har ni kaina na manta. Abin da na sani kawai shi ne, duk aikin da ke son saiti, daga zura zare a allura zuwa buga ƙusa, ba na iya shi, sai na ɗauka haka Allah ya yi ni. Yanzu ga wata Baturiya da makullin mota ta tono abin da Inna ta binne shekara sittin da wani abu.

Na ƙi. Na ce da dama zan ci gaba. Ta ɗaga kafaɗa ta ce kantina ne ba nata ba, don na riga na ba ta labarin yarjejeniyar. Amma da yamma sai aka zo wani darasi da kowa dole ya harba da hannun da bai saba da shi ba, wai ko da za a ji wa na kirkin rauni. Direba mai gemu ya yi ta ɓarin harsashi a ƙasa. Kaka Suzan da kanta ta kuskure. Ni kuwa na mayar da bindigar hagu ina ƙunƙuni, na ɗaga, sai na ji abin ya zauna a tafina kamar dama can a nan yake kwana. Na ja. Tsakiyar ƙirji. Na sake ja. Ramin ya ƙara faɗi kaɗan, a wuri guda. Na yi ta ja har ta ƙare, kuma duk ramukan tafin hannu ɗaya zai rufe su. Na ajiye ta a tebur, bakinta gaba, sannan na yi wata 'yar rawa da ban san ƙafafuna sun ajiye ta ba. Ajin duka ya ɗauki tafi.

Duk da haka zuciyata ba ta kwanta ba. A mota na kira Malam Isuhu, abokina mutumin Maraɗi, wanda shi ne malamin bencinmu, na ce ina da tambaya ta addini, kuma kada ya gaya wa kowa.

"Bon, Alhaji," ya ce bayan ya gama dariya, "ci da sha da gaisuwa da ba da kyauta, waɗannan na dama ne, ba gardama. Bindiga kuwa ban ga babinta ba. In kare ya biyo ka, kana tsayawa ka zaɓi ƙafar da za ka fara gudu da ita?"

Kafin in isa gida rabin benci ya ji.

A kan tuwon yamma na tattara ƙarfin hali na ce wa Hajiya akwai wani abu game da ni da ya kamata ta sani bayan duk shekarun nan. Ta saurara har na gama, ba ta daina gutsurar tuwo ba.

"Wannan ne labarin? Alhaji, tun muna Fagge na sani."

"Ta yaya?"

"Ƙuda in ya dame ka, da wane hannu kake kai masa duka? Ranar da Kabiru ya mirgino daga gado yana jariri, da wane hannu ka cafe shi kafin ya kai ƙasa?"

Na tuna ranar sarai, amma ban taɓa tuna hannun ba.

"To me ya hana ki faɗa?"

"Wa ya tambaye ni? Ka ci tuwonka da dama, gobe ka je ka yi harbinka da hagu. Ni ma ba son ɗakin nan na Sedgefield nake ba, labulen bai yi mini ba."

Ashe shaidar da Kabiru ya kafa tawa ce.

Ranar ƙarshe na ɗaura kube a ƙugun hagu. Kabiru ya ɗauki hutu daga aiki ya zo kallo, ya tsaya bayan shinge da abin toshe kunne, yana murmushin mai jiran gado. Jarrabawar kashi biyu ce. Kashin farko harbi ne, daga kusa, daga nesa, daga bayan ganga, ana busa usur kana zarowa. Ba zan yi alfahari ba, don ba halina ba ne, amma Madam Karol ta cire kwalina ta ɗaga shi sama ta nuna wa aji, direba mai gemu ya cire hularsa. Na waiwaya na ga murmushin Dokta ya ragu da rabi.

Kashi na biyu ne ban shirya masa ba. An kafa wani ɗan kanti na katako, da kanta da ƙofa, aka karɓe bindigogin gaske aka ba mu na roba shuɗɗa. Mataimakin Madam Karol, wani ƙato mai fara'a da ake kira Tom, shi zai shigo a matsayin baƙo. Wani lokaci mai sayayya ne, wani lokaci mugu, kai za ka gane. An koya mana cewa wanda ya nufo ka yana ɓoye hannu ɗaya, kada ka bari ya iso jikinka: ka ja baya, ka sa wani abu a tsakaninku, ka yi amfani da murya, bindiga ita ce ta ƙarshe. Dama biyu ake ba kowa. Na tsaya a gaban kanta ina jin kaina kamar a gida, don ai wannan sana'ata ce.

Tom ya turo ƙofa yana washe baki, hannunsa na hagu a bayansa. Na ga hannun, wallahi na gan shi. Amma sai ya miƙo mini na dama. To ni kuma tun da nake ba a taɓa miƙo mini hannu ya koma haka nan ba. Kafin darasin ya iso daga kaina zuwa kafaɗata, na riga na kama hannunsa, kuma saboda ladabi na kawo na hagun, gwanin harbin nan da aji ya gama yi wa tafi, na tallafe wuyan hannuna na dama da shi yadda muke yi wa baƙo mai daraja. Har na fara tambayarsa iyali. Sai na ji wuƙar roba a haƙarƙarina.

Usur ya tashi.

"Ka mutu, Mista Garba," in ji Madam Karol.

"Amma da ladabi na mutu, Madam."

Aji ya fashe da dariya, ni ma na yi, amma sai na hango Kabiru ya matso jikin shinge. Madam Karol ta ja ni gefe, ta rage murya.

"A ƙasarku ba a ƙin karɓar hannu?"

"A ƙasarmu wanda ya ƙi hannun mutum, sai an tara dattawa."

"To a nan 'yan sanda ake tarawa, da motar asibiti. Saura dama ɗaya. Ba zan ba ka takardar da ba ka ci ba, ko da kuwa ka fi kowa harbi."

Na koma na tsaya. Makullin kanti na aljihuna, ina jin sanyinsa a cinya. Ƙofa ta buɗe. Tom ya shigo da fara'ar da ta fi ta farko, hannu ɗaya a baya, ɗaya a miƙe, kuma la'anannen sai ya yi amfani da abin da ni da bakina na koya masa lokacin cin abincin rana.

"Sannu, Baba!" ya ce, da Hausa.

Ku ji mugunta. Hannuna na dama ya tashi da kansa, ina kallonsa yana tafiya kamar ba nawa ba. Ban iya mayar da shi ba, sai na juya shi a hanya, na buɗe tafin na tokare iska da shi. Na ja baya na shige bayan kanta, na hagu ya sauka kan kube ya tsaya nan bai zaro ba. Sannan na buɗe maƙogwaron da na yi shekaru ina kiran masu tuƙa motar ɗaukar kaya da shi a sito.

"Tsaya nan! Nuna mini ɗaya hannun!"

Rabin maganar da Turanci ta fito, rabi da Hausa, amma Tom ya fahimta duka. Ya tsaya cak, ya dube ni, ya dubi hannuna na hagu, ya saki wuƙar roba ta faɗi, ya juya ya fita da gudu har yana ture ƙofa. Usur ya tashi, dogo. Madam Karol ta ce wannan shi ne abin da take nema, ba a harba ko ɗaya ba kuma kowa zai kwana a gidansa. Kaka Suzan ta rungume ni kafin in sami hanyar tsira, kuma wannan ba sai kun karanta wa Hajiya ba.

Kabiru ya zo ya yi mini murna da muryar masu ta'aziyya. Sai da muka hau hanya, shi yana tuƙi, ni da takardata a cinya ina ta shafa ta, ya yi magana ba tare da ya dube ni ba.

"Baba, ba kantin nake ƙi ba. Tsoro nake ji."

"Na sani, Dokta. Ni ma na ji shi, a tsakanin buhunan shinkafa. Kalli hanya."

Kanti ya ci gaba, benci ya cika, kuma har yau da nake rubutun nan bindigar ba ta taɓa fitowa daga kubenta a kan wani ɗan Adam ba, ina roƙon Allah kada ta fito. Amma kada ku ce kyauta na samu. Bayan 'yan makonni, wani dattijo ya shigo da hantsi, ban san shi ba, da babbar riga da carbi, hannu ɗaya cikin aljihu. Ashe daga Katsina ya zo ganin ɗansa da ke karatu a jami'a, aka ce masa in yana son jin Hausa ya zo wurina. Ya yi sallama ya miƙo hannu da murnar wanda ya ga ɗan'uwa a ƙasar mutane. Ni kuwa ƙafata ta ja baya da kanta, idona ya tafi kan aljihunsa. Ɗan lokaci ne ƙanƙani, sannan na kama hannun da hannu biyu. Amma dattijo ne, ya gani. Ya zaro ɗaya hannun daga aljihu, goro ne a ciki, ya kawo mini tsaraba.

"Alhaji," ya ce a hankali, "ko hannun nawa da wani abu ne?"

Kunya ta rufe ni tun daga hula har takalmi. Na zagayo daga bayan kanta, na share masa benci da hannun rigata, na ɗora ruwan shayi.

"Hannunka lafiya lau, Malam. Ni ne na shiga makaranta da tsufa, karatun ya kama ni da yawa. Zauna, bisimilla, ka ba ni labarin gida."